Kalmar da Mero Ta Sani

A duk faɗin Turanci, kalma biyu kawai Mero take ganewa idan ta gan su a rubuce. Ɗaya ita ce NO, wadda ta sha gani a allunan bakin bariki lokacin da suke yawon aiki da mijinta. Ɗayar kuma FORCE, wadda ke cikin takardar sallamarsa daga aiki, da ke rataye cikin gilashi a bangon ɗakinsa. Shekara goma sha ɗaya tana goge gilashin nan duk Juma'a, har ta haddace zubin haruffan kamar yadda mutum ke haddace fuskar maƙwabci.

Mijin nata, Malam Ashafa, tsohon sufeton 'yan sanda ne. Shekara talatin da biyar ya yi, yawancinsu a tsakiyar titi yana ba motoci hannu. Sun zauna a Makurɗi, sun zauna a Jos da Fatakwal, kafin ya ajiye aiki su dawo gidan gadonsu a Mandawari. Bai cika cewa "lokacin da nake ɗan sanda" ba. Sai dai ya ce "lokacin da muke fos". Shi ya sa mutanen lungun suka laƙaba masa Baba Fos, kuma yana amsawa. A wurin Mero, fos wasu mutane ne masu yawa da ba ta san iyakarsu ba, waɗanda suka riƙe mata miji tun yana saurayi, suka san komai a kansa, har ranar da ya yi zazzaɓi.

Wata Talata da hantsi, a farkon damina, yana alwalar walaha buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi ta ya faɗi ƙasa. Kwana goma sha shida suka yi a asibiti. Likitoci suka ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinsa na dama. Ƙafar ta fara dawowa tun suna can, har yana jan ta da sanda. Harshen ya yi nauyi amma ana gane maganarsa. Hannun ne ya ƙi. Yana kwance a kan cinyarsa kamar ba nasa ba.

Da suka dawo gida ya shiga ɗaki, ya sa 'yarsu Lami ta kashe masa waya kafin ta koma Zariya inda take koyarwa. Maƙwabta in sun zo dubiya, daga zaure suke juyawa, don ya ce a ce yana barci. Abinci sai Mero ta fita ta ja labule yake ci, saboda ba ya so ta ga yana kai loma da hagu. Mutumin da in ya fara labarin gadar Makurɗi sai shayi ya huce, yanzu sai ya wuni bai haɗa kalma goma ba.

A kwana na uku ta kwaso kayan da suka dawo da su daga asibiti za ta wanke. Tana laluben aljihun farar rigarsa sai ta ji takarda, an ninke ta kashi takwas. Ta warware. Zane-zanen hannun mutum ne, wani a miƙe, wani a lanƙwashe, da ƙananan rubutu a ƙarƙashin kowanne. A kan wani zanen, inda aka ɗaga hannun sama, an ja gicciye. Can sama kuma, da jan biro, manyan haruffa, an ja musu layi biyu: NO FORCE!

Duka kalmomin biyu ta san su.

Ta zauna a kan turmi da takardar a hannu, ruwan wanki na malala daga bahon ba ta lura ba. Ta dubi hannun da aka ɗaga kamar mai sara wa babba, ta dubi gicciyen da aka ja masa. Ai magana a fili take. Sun ji hannunsa ya mutu, ba zai ƙara iya sarawa ba, sun aiko masa da takarda cewa ba shi ba su. Shi ya sa ya ɓoye ta. Shi ya sa ya juya wa duniya baya. Kuma shi ya sa har yau ko mutum ɗaya cikin tsofaffin abokan aikinsa bai leƙo ba, su da duk ƙarshen wata suke taruwa a gidan ɗayansu su ci tuwo.

Ta ninke takardar yadda ta same ta, ta sa a ƙasan kwallarta. Ba ta nuna masa ta gani ba. Da Lami ta zo ƙarshen mako ma ba ta nuna mata ba, don a ganinta wulaƙancin da aka yi wa uba ba abin da za a shimfiɗa a gaban 'yarsa ba ne. Sai ta ƙara kyautata masa. Ta yi masa ɗanwake, ta yi masa dambun zogale, ta daina goge gilashin nan don kada idonsa ya kai can.

Mako uku ta yi tana haɗiye abin. Ran da haƙurinta ya ƙare, ta shiga ɗaukar kwano ne ta tarar da shi zaune, ya ɗora hannun daman a tafin hagu yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa. Ta fito. Ta zura hijabi, ta ɗauko takardar, ta ce masa daga bakin ƙofa za ta je ta dawo.

Ta san gidan mutum ɗaya daga cikinsu, Saje Isyaku, a Soron Ɗinki. Tare suka zauna a barikin Jos, matarsa Dije ce ma ta yi mata wankan jego da ta haifi Lami. An yi ruwa da asuba, lunguna duk taɓo, ta riƙa tsallake kwatami tana shirya maganar da za ta faɗa. Duk wadda ta shirya sai ta ji ba ta kai zafin da take so ba.

Dije ta tare ta da murna, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Mero ba ta sha ba. Ta ce wurin Malam ta zo. Saje Isyaku ya fito yana gyara hula, gajere ne mai tumbi, ya zauna a kujera daga gefe.

"Matar Oga da kanta? Lafiya dai ko? Ina can ƙauye wajen shuka, shekaranjiya na dawo. Na yi ta neman wayarsa a kashe."

"Na zo ne in ji laifin da ya yi muku," in ji Mero. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Wa?"

"Abokinka. Shekara talatin da biyar, Malam Isyaku. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Ni na san yawan ƙafar safar da na wanke. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu yana kan titi a Fatakwal. Yanzu don Allah Ya jarrabe shi hannu ya shanye, sai a aiko masa da takarda a ce an cire shi? Ko dubiya babu?"

Saje Isyaku ya miƙe tsaye. "Hannu ya shanye? Hannun wa? Innalillahi. Yaushe?"

Ta miƙa wa Dije takardar, Dije ta miƙa masa. Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya juya bayan, ya sake komawa sama. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Mero ta ɗauka kuka yake. Dije, da ta fi ta sanin mijinta, ta ce, "Malam, meye haka? Baiwar Allah tana cikin damuwa kana dariya?"

Dariyar ce, amma da ya cire tabarau idanunsa jike suke.

"Matar Oga, ki yafe ni. Wannan fos ɗin ba tamu ba ce. Takardar asibiti ce, daga wurin masu gashi da motsa gaɓoɓi. Motsa jiki ne aka zana masa, safe da yamma, wani ya riƙa ɗaga masa hannun yana lanƙwasawa. Wannan jan rubutun kuma likita ne ke gargaɗi: kada a sa ƙarfi, kada a tilasta hannun. Wanda aka ja wa gicciye, yana nufin kada a finciko shi sama haka."

"To me ya sa bai rubuta ƙarfi ba?"

"Ai shi ya rubuta. Bature da kalma ɗaya yake faɗinsu. Runduna fos ce, ƙarfi fos ne, tilas ma fos ce. In aka ɓalle ƙofa, fos. In doka ta fara aiki, nan ma sai sun sako ta." Ya sake duban takardar. "Ga ranar komawa ma an rubuta. Ta wuce da kwana tara. Kuma wallahi babu wanda ya sani cikinmu. Wa zai gaya mana in ya kashe waya?"

Mero ta rufe fuska da hijabi. Kunya ce ta fara kama ta, har ta ji kamar ƙasa ta tsage. Kafin kunyar ta sake ta, wani abu ya biyo: mako uku. Mako uku maganin yana ƙasan kwallarta, tare da turaren wuta da tsofaffin hotuna.

Dije ta rako ta har bakin titi, tana ce mata ai da ba ta yi wannan kuskuren ba da har yanzu babu wanda ya sani. Mero dai sauri take.

Ta same shi inda ta bar shi. Ta zauna a ƙasa gabansa, ta warware takardar a kan gwiwarsa.

"Malam, wa ya ba ka wannan?"

Ya dube ta, ya kau da kai. "Yaron asibiti. Kin je karɓo magani."

"Ya yi maka bayani?"

"Ya yi."

"Ka kuma iya karantawa."

Can ya ce, kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya, "Hannun nan, Mero. In na ɗaga shi, tirela tsayawa take. Ban taɓa ta ba. Tsayawa take. Yanzu ki zauna ki riƙa ɗaga shi kamar tsumma?"

Ta so ta yi masa faɗa, don da shi ta taho a bakinta. Sai ta ji kanta tana ba shi labari. Ta faɗa masa yadda ta tsinci takardar, da abin da ta karanta, da inda ta fito yanzu, da abin da ta gaya wa Saje Isyaku a gaban matarsa, har zancen safa ba ta rage ba.

Da farko fuskarsa ta ɗaure jin an san halin da yake ciki. Amma tana zuwa wajen safar sai ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda rabon da ta ji shi tun kafin butar nan ta faɗi. Ya yi dariya har yawu ya zubo masa, ta sa bakin zaninta ta goge, bai kau da kai ba.

"Ke kaɗai?" ya ce. "Kika je yin faɗa da fos?"

"Da ya ce mini sai Abuja, da na tambayi tashar."

Sannan ya sa hagu ya ɗauko hannun daman, ya ajiye shi a kan cinyarta.

Washegari bayan la'asar suka ji sallama a zaure kamar ta 'yan ɗaurin aure. Saje Isyaku ne da tsofaffi bakwai, daga Hotoro, daga Kurna, daga Sharaɗa, wani da sanda, wani da ledar lemo, wani kunnensa ya yi nauyi sai an ɗaga murya. Ba su jira a ce yana barci ba.

"Oga, mun zo in full force!" in ji Saje Isyaku daga bakin ƙofa.

Mero, da ke bayan labule, ta ce a ranta, ga wata kuma. Sai daga baya ta tambaya aka ce mata ana nufin sun zo gaba ɗayansu, babu wanda ya rage.

Suka jeru a ɗan ƙaramin ɗakin suka ƙame, duk da wasunsu bayan ya ƙi miƙewa, suka sara masa. Malam Ashafa ya dubi hannunsa. Kafin shirun ya yi tsawo, Saje Isyaku ya durƙusa ya kama hannun da hannayensa biyu, ya gaisa da shi kamar kullum, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna suka yi ta tsiya, wa ya tsufa, wa haƙoransa suka zube, wa ya taɓa tsayar da motar gawa ya ce sai mamacin ya fito. Mero ta aika musu da dambu a babban faranti. Da ta je ɗauko farantin ta ga gefen da ke gabansa ma an ci.

Lami ta iso ranar Asabar. Da ta ji labarin ta yi dariya, sannan ta yi kuka, ta ce, "Umma, ina zuwa duk mako, ina karantar da 'ya'yan mutane da Turanci, amma ki ɓoye mini takarda?" Mero ta ce ta ji, ba za ta ƙara ba. Litinin su uku suka hau adaidaita sahu zuwa asibiti.

Mai gashin, Mikail, dogo ne siriri mai sanyin murya. Bai yi faɗa ba. Ya ce an yi asarar lokaci amma ba a makara ba. Ya nuna wa Mero inda za ta tallafi gwiwar hannun, da yadda za ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, sau goma da safe, sau goma da yamma. Ya sa ta yi a gabansa har sau uku.

Sai dai mako ukun nan ya tsaya mata a rai. Ta ga in sau goma na da amfani, sau talatin ya fi. Ta ƙara da na azahar. Inda hannun ya tsaya ya ƙi wucewa, sai ta ɗan ƙara dannawa, kaɗan dai, don ya saba. Malam Ashafa yakan runtse ido ya cije leɓe bai ce komai ba. Ranar Alhamis kafaɗar ta kumbura, ta yi zafi kamar an ɗora mata garwashi, ko riga ba ya iya sawa.

Da suka koma asibiti Mikail ya duba, ya girgiza kai. Ya ce a huta da komai kwana biyar, a riƙa sa ƙanƙara. Ya dubi Malam Ashafa ya ce, "Baba, kai ma da ka ji zafi sai ka faɗa."

"Tana ƙoƙari," in ji Malam Ashafa. "Ban so in karya mata gwiwa."

Suna isa gida Mero ta shige madafi ta zauna gaban murhun da babu wuta. A nan Lami ta same ta da ta zo ranar Asabar, kamar ba ta tashi ba tun ranar.

"Ni ba zan ƙara taɓa shi ba," in ji Mero. "Na ɓoye takarda na cuce shi, na fito da ita na cuce shi. A samo wanda ya iya."

Lami ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ita. Kimiyyar lissafi, wato fiziks, take koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma tun tana ƙarama in za ta yi bayani sai ta kama hannun mutum.

"Umma, kawo tafinki. Kin san kalmar nan taku, ni ma kullum da ita nake shiga aji? A wurinmu ba runduna ba ce, ba kuma dole ba. Duk turi ko ja sunansa ke nan, komai ƙanƙantarsa. Tururuwa in tana jan ƙwayar gero, fos ce. Yanzu tura bangon nan."

Mero ta ɗora tafi a bangon madafin, don dai a rabu lafiya.

"Kin ji yana danne miki hannu?"

"Na ji."

"To shi bai motso ba. Tsayawa kawai ya yi. Iya yadda kika tura shi, iya yadda ya mayar miki, ba ya ƙarawa. Na yi waya da Mikail. Ya ce in kumburin ya sauka akwai wani motsin da za a fara, Baba ne zai riƙa turowa. Ke ce bangon, Umma. Ba turawa za ki yi ba. Ki buɗe hannu ki tsaya."

Mero ta janye tafinta ta dube shi. Duk ya yi kanta saboda wanki da daka.

"In bai turo ba fa?"

"Sai ki jira."

Haka suka koma. Bayan ta lanƙwasa masa sau goma, ba ƙari, sai ta zauna a tabarma gabansa, ta tallafi gwiwar hannun da hagunta, ta haɗa tafinta na dama da nasa. Ya ɗaure fuska, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa. Ita kuwa ba ta jin komai sai ɗumin fatarsa. Takan ce, "Madalla, ya isa na yau." Shi kuma yakan ce, "Ƙarya kike," ta ce, "Ban ce ya motsa ba, cewa na yi ya isa."

Wasu ranakun yakan tashi da baƙin rai. Tana shigowa zai juya kai ya ce, "Yau ba zan yi ba. By force ne?"

Wannan kam ta riga ta san ta, tun a bariki take jin mata na faɗa wa juna ita a bakin famfo, ba ta dai taɓa haɗa ta da ta jikin gilashi ba.

"Ba dole," takan ce. "Ni dai ga hannuna."

Sai ta zauna da tafinta a buɗe a kan gwiwa, ta shiga ba shi labarin unguwa: wadda ta haihu, wanda akuyarsa ta shiga masallaci, yadda ruwan jiya ya cinye katangar gidan masu rini. Wani lokacin shinkafa na kan wuta tana jin ƙaurinta ba ta tashi. Yawanci kafin ta kai ƙarshen labari na biyu yake sa hagu ya ɗauko hannun ya ɗora. Sau biyu bai ɗora ba, ta tashi ta tafi aikinta, ba ta kuma tayar da zancen ba.

Gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan gari lokacin da abin ya zo. Da safe ne, ana yayyafi. Ta haɗa tafinta da nasa kamar kullum, hankalinta ma na kan shanyar da ba ta kwashe ba. Sai ta ji wani ɗan abu a gindin babban yatsanta. Bai kai a kira shi turi ba. Irinsa ɗaya ta taɓa ji a rayuwarta, ranar da Lami ta fara motsi a cikinta, tana tsaye a bakin rijiya a Jos, ta rasa ko ta ji ko ba ta ji ba.

Ba ta yi magana ba, don tana tsoron kada ta kore shi. Ya sake zuwa.

"Kin ji?" ya ce a hankali.

"Na ji, Malam."

"Ba irin ƙaryar nan taki ba?"

"Wallahi na ji."

Shanyar ta jiƙe sharkaf ranar.

Hannun bai dawo duka ba. Ƙananan yatsu biyu sun zauna a lanƙwashe, Mikail ya ce wataƙila haka za su tsaya. Rubutu ya gagara, ɗaga shi sama da kafaɗa ma haka. Amma ya kai ga riƙe cokali, ya kai ga jan carbi, kuma tsofaffin nan suka mayar da taronsu na ƙarshen wata gidan, wai don Oga ba ya son hawa adaidaita. Mero ta ce su dai faɗi gaskiya, dambu ne.

Wata Litinin bayan an yi girbi, suna dawowa daga asibiti su biyu, ya ce wa mai adaidaita ya tsaya a bakin titi. Mero ta ce ai yana iya shiga da su har kusa da gida. Ya ce a'a, da ƙafa zai ƙarasa.

Suka shiga lungun, shi da sanda a hagu, ita a bayansa da taku biyu, kamar yadda suka saba tafiya tun aurensu. Masu shago suna ta ɗago hannu. "Baba Fos! Jiki ya yi kyau! Allah Ya ƙara sauƙi!" Yana amsawa da kai. Da suka zo inda kwata ta ratsa hanya, aka ɗora mata ɗan katako, ya tsaya. Ta matso gefensa na dama don ta tare shi in ya yi tangaɗi. Ya miƙo hannun da kansa, a hankali, ya kama nata.

Suka tsallake. Bai saki ba.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "mutane."

Ya yi kamar bai ji ba. Ga tela a bakin shagonsa ya dakata da keke, ga mata biyu masu dawowa daga Islamiyya sun rufe baki da hijabi suna murmushi, ga liman na fitowa daga gida. Shekara arba'in da aure, bai taɓa riƙe mata hannu a waje ba. Ta ji fuskarta ta yi zafi kamar ta amarya. Ta ɗan ja hannun kaɗan, ya ƙara damƙewa, har zobenta na azurfa ya shige mata cikin yatsa.

Da zafi. Ta buɗe baki za ta ce ya sassauta, sai ta fasa. Ta sunkuyar da kai, ta daidaita takunta da nasa, suka bi ta gaban liman a haka. Liman ya yi musu sallama, ya dubi sama kamar mai duba hadari, duk da damina ta riga ta wuce.

A zaure ya sake ta don ya cire takalmi. Ta duba yatsan, zoben ya bar jan shaida a zagaye. Ta tsaya tana murza wurin da babban yatsa, shi kuma ya wuce ciki yana tambaya ko akwai sauran kunun safe.